Daga Jaki Zuwa Allurar Rigakafi: Sifofin Ingilishi Masu Ƙarewa da -ine

Mu masu koyar da harshen Ingilishi muna godiya da aka ba mu wannan fili domin mu tattauna da ku a kan wani ɗan lungu na darasinmu.

Kowa a cikinmu ya san abin da ke faruwa idan ɗalibi yana karatu ya yi karo da baƙuwar kalma. Sai ya yi turus ya dubi malam, ko ya tsallake ta kamar bai gan ta ba. A aji akwai malam, akwai ƙamus. A ɗakin jarrabawa kuwa daga shi sai takardarsa, kuma kalma ɗaya tak tana iya ɓatar masa da ma'anar sakin layi sukutum. Maganin da muka saba bayarwa shi ne mu jera kalmomi a allo, a kwafa, a haddace. Amma hadda ba ta kai yaro ga kalmar da ba ta cikin jerin. Abin da muke son nunawa yau shi ne kalmomi dangi-dangi suke, kuma wanda ya san kamannin gida zai shaida 'ya'yan gidan ko a kasuwa ya gamu da su.

Gidan da muka zaɓa shi ne na sifofin da ke ƙarewa da haruffa uku, -ine, musamman waɗanda aka ƙera daga sunayen dabbobi. Wannan ɗafa-ƙeya daga harshen Latin na Rumawa ta fito, inda take -inus, ma'anarta kuwa "na" ko "irin na". Rumawa suna kiran kare canis, sai aka sami canine, wato na kare. Kyanwa feles ce, ta ba da feline. Doki equus, ya ba da equine. Sa bos, wanda saiwarsa bov- ce, ya ba da bovine. Tunkiya ovis, ta ba da ovine. Akuya capra, ta ba da caprine. Ko haƙorin nan mai tsini da muke kira fiƙa, da Ingilishi canine ake ce masa, saboda kamarsa da na kare.

Ɗalibi mai kaifin hankali zai tambaya: me ya sa sunan dabbar daban, sifarta daban? Me ya haɗa cow da bovine, ko horse da equine? Amsar tana cikin tarihin Ingila. Sunayen dabbobin gida na manoma da makiyaya ne, sun gaje su daga tsohon Ingilishi. A shekarar 1066 mutanen Normandi ta ƙasar Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada, Latin kuma ya ci gaba da zama harshen coci da jami'a da likitanci. A ƙarni na 16 da na 17 masana suka yi ta kwaso kalmomi daga littattafan Latin suna zubawa cikin Ingilishi. Haka aka wayi gari kalmar garke tana bakin talaka, kalmar littafi tana bakin malami. Mu Hausawa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin ta hannun malamai ne kalmomi irin su ilimi da hukunci da shari'a suka shigo mana daga Larabci.

Hausa ma tana da irin wannan ƙira, kuma nan ne ƙofar da ya kamata mu shigar da yara. Daga jaki muke samun jakanci, daga dabba muke samun dabbanci. Babu yaron da ke bukatar ƙamus kafin ya gane abin da ake nufi idan aka ce wane yana jakanci. To, jaki da Latin asinus ne, kuma asinine na nufin abin da ya cika wauta. Bambancin kawai shi ne tamu suna ce, tasu sifa. Da zarar yaro ya ga cewa Bature da Bahaushe sun ɗora wa jaki laifi iri ɗaya, kalmar ta zauna masa ke nan.

Sauran 'ya'yan gidan ba a cika jin su ba sai a littafi. Hircus bunsuru ne, kuma hircine ana faɗinta ga abin da ke warin bunsuru. Corvus hankaka ne, ya ba da corvine. Pavo ɗawisu ne, pavonine kuwa ita ce sifar launi mai ƙyalli irin na gashin jelarsa. Mus ɓera ne, kuma murine tana yawan fitowa a rubutun likitoci masu gwaji da ɓeraye. Aquila gaggafa ce, aquiline kuma kusan kullum hanci ake sifantawa da ita, hanci mai lanƙwasa kamar bakin gaggafa.

Sai dai saiwar kalma sunan dabba kawai take bayarwa. Halin da aka jingina wa dabbar al'adar masu harshen ce ke yanke shi. Vulpes dabba ce dangin yanyawa, kuma vulpine na nufin mai wayo da makirci, domin ita ce gwanar dabara a tatsuniyoyin Turai, matsayin da mu muka ba dila da gizo. Idan Bature ya ce mutum bovine ne, yana nufin mai nauyin jiki da nauyin fahimta. Ɗan makiyayin da ya tashi yana jin ana cewa nagge daɗi goma zai iya ɗauka yabo ne. A nan aikin malami yake, ya nuna wa yaro inda idon Bature da namu suka saɓa.

Kalmar leonine, daga leo, wato zaki, tana da fuska biyu. Ana faɗinta ga mutum mai kwarjini da cikar gashi. Amma a harshen lauyoyi tana sifanta yarjejeniyar da ɓangare ɗaya ya kwashe amfani duka. Asalin wannan wata tsohuwar tatsuniya ce da marubucin Rum Phaedrus ya rubuta a ƙarni na 1, inda saniya da akuya da tunkiya suka yi tarayyar farauta da zaki, da aka zo rabo ya kawo hujja a kan kowane kaso har ya haɗe su duka. Masana shari'ar Rum suka kira irin wannan tarayya societas leonina, suka ce ba ta ƙulluwa. Kalma ce da ta cancanci duk mai zama teburin sulhu a madadin ma'aikata ya san ta.

Akwai kuma ɗiyar gidan da ta yi suna har aka manta da asalinta. Saniya da Latin vacca ce, vaccine kuwa da farko sifa ce mai nufin "na saniya". A shekarar 1796 wani likitan Ingila, Edward Jenner, ya ɗebo ruwan ƙurjin wata cuta mai sauƙi da masu tatsar nono ke ɗauka daga shanu, ya tsaga fatar wani yaro ɗan shekara 8 ya sa masa, daga baya ya nuna cewa agana ba ta kama yaron ba. A 1798 ya buga sakamakon bincikensa, ya kira cutar variolae vaccinae, wato aganar shanu. A 1881 Louis Pasteur na Faransa ya ba da shawarar a faɗaɗa kalmar ta game kowane irin rigakafi, don girmama Jenner. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da agana daga doron ƙasa. Duk allurar rigakafin da ake yi wa 'ya'yanmu yau, sunan saniya take ɗauke da shi.

'Yan uwanmu masu koyar da ilimin halittu da na aikin gona suna riƙe da rabin wannan darasi. Sunayen kimiyya na dabbobi, waɗanda Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya tsara a bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae a 1758, daga waɗannan saiwoyi suke. Jaki Equus asinus ne, ga equine ga asinine. Akuya Capra hircus ce, ga caprine ga hircine. Yaron da ya haddace su a wani aji bai san cewa mabuɗin wani ajin ne a aljihunsa ba, sai mun faɗa masa.

Wajibi ne kuma mu ja kunnen ɗalibai cewa ba kowace kalma mai wannan ƙarshe ce ta dabba ba. Marine daga mare take, wato teku. Sanguine daga sanguis, wato jini, kuma tana nufin mai kyakkyawan zato, saboda likitocin da sun ɗauka rinjayen jini a jiki ke sa fara'a. Saturnine daga tauraron Zuhal take, tana nufin mai murtuke fuska. Lafazinsu ma ya bambanta: bovine da asinine da "ain" suke ƙarewa, marine da "in" mai ja, sanguine da "in" gajere. Saiwa tana ba da hasashe, ƙamus ke tabbatarwa.

Roƙonmu gare ku guda ne. A mako mai zuwa kowannenmu ya ware minti 10, ya rubuta sunayen dabbobi biyar da Hausa da Latin a allo, ya bar yara su ƙera sifofin da kansu, sannan su duba ƙamus su ga inda suka dace da inda suka kuskure. Iyaye kuma da za su karanta wannan a gida, idan yaro ya zo da baƙuwar kalma, kafin ku ba shi ma'ana ku tambaye shi wace kalma ya sani mai kama da ita.