Bikin Argungu: Me Baƙi Ke Barin Wa Mutanen Karkara?

 

Yau zan yi magana ne a kan baƙi masu yawon buɗe ido. Wato mutanen da ke baro birni, ko wata ƙasa, su zo karkara don su ga yadda muke zaune, su kuma ɗanɗana abincinmu. Zan yi misali da Argungu ta Jihar Kebbi, domin babu wanda bai san sunanta ba.

An fara bikin kamun kifi na Argungu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin. Ziyarar ta tabbatar da zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi bayan doguwar gaba. Ran babban su, da an buga bindiga sai dubban masunta su ruga cikin Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa. Cikin kamar awa ɗaya an gama. A 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. A 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun gargajiya na duniya.

To, me ya sa ake samun giwan ruwa mai wannan girma? Don akwai doka. Sarkin Ruwa yana tsare wurin, ba a barin kowa ya yi su a ciki sai lokaci ya yi. Kifi ya samu sarari ya hayayyafa, ya girma. Da an bar kowa ya shiga da koma mai ƙananan idanu, ko ya zuba guba irin su gamalin, da tuni babu abin kallo. Wanda ya kwashe 'ya'yan kifi bana, ya cinye kifin baɗi, ya kuma kori baƙon baɗi.

Amma abin da ya fi damuna shi ne kuɗin baƙon. Hannun wa yake faɗawa? Wata shekara na je bikin, na zauna kusa da wasu baƙi daga Legas. Suka tambayi abincin gari. Sai aka kawo musu burodi da kifin gwangwani da lemun kwalba. Kifin gwangwani a bakin gulbi! Mai rumfar ma daga birni ya zo da kayansa a mota. Da aka watse ya kwashe cinikinsa ya koma. Can nesa kuwa ga wata baiwar Allah da kaskon waina, babu wanda ya nuna wa baƙin inda take.

Ba mu kaɗai wannan ta taɓa dama ba. Bari in ɗan kai ku ƙasar Italiya, a Turai. Can ma matasa sun yi ta gudu daga gona zuwa masana'antun birni, har gidajen gona suka zama kufai. A 1985 gwamnatinsu ta yi doka, ta yarda manomi ya sauki baƙi a gidan gonarsa, ya ba su ɗaki da abinci, su biya. Amma da sharaɗi. Dole noma ya ci gaba da zama babbar sana'arsa. Dole kuma yawancin abin da zai sa a gaban baƙo ya fito daga gonarsa. Yanzu gonaki fiye da 25,000 ne ke wannan sana'a. A yankin Toskana baƙi na zuwa don man zaitun da cuku da giyar inabi. Giya dai al'adarsu ce, ba tamu ba. Sharaɗin nan nasu shi ne abin dubawa, domin shi ya hana kuɗin baƙo komawa birni.

Mu me za mu sa a gaban baƙo? Ƙasar Kabi ƙasar shinkafa ce, har a 2017 aka buɗe babbar masana'antar gyaran shinkafa a Argungu. Ga tuwon shinkafa da miyar kuka, ga gasasshen kifi da farfesunsa, ga waina, ga fura da nono, ga zoɓo. Idan baƙo ya ci kwano ɗaya na tuwo da kifi, manomi ya samu, masunci ya samu, mai daddawa ta samu, mai tuƙin tuwo ta samu. Abin da ke hana baƙo ci ba raini ba ne, tsoron ciwon ciki ne. Saboda haka a rufe abinci daga ƙuda da ƙura, a wanke kwanuka da ruwa mai tsabta, a tanadi ruwa da sabulu na wanke hannu. A kuma bar ninka farashi don an ga baƙuwar fuska. Wanda aka cuta sau ɗaya ba ya dawowa, kuma sai ya faɗa wa 'yan'uwansa.

Sai dai kada kowa ya jingine fartanyarsa don baƙi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Bikin kwana huɗu ne kawai, kuma bayan na 2009 ba a sake yinsa ba sai a 2020. Wanda ya dogara da shi kaɗai, me ya ci a tsawon shekarun nan?

Shawarata ita ce mata masu abinci su haɗa kai, su je wurin masu shirya biki tun da sauran lokaci, su nemi rumfuna a kusa da filin kallo, ba can bayan tasha ba. Wanda ke da tambaya yanzu ya ɗaga hannu.