Fasfo da Fansho: Makomar Haƙƙin Tsohon Soja Idan Ya Yafe Zama Ɗan Amurka

 

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Dokar Amurka ba ta yarda da wannan karin magana gaba ɗayanta ba. Tsohon sojan Amurka yana iya kwashe kayansa ya koma Kano ko Kumasi, kuɗinsa su ci gaba da shiga asusunsa duk wata. Matsalar tana farawa ne ranar da ya shiga ofishin jakadanci ya yi rantsuwar cewa shi ba ɗan Amurka ba ne kuma. Ƙaura daban, yafe ƙasa daban, kuma mafi yawan asarar da ake tafkawa daga cakuɗa biyun take fitowa.

Maganar ta shafe mu. Mai katin zaman dindindin a Amurka yana iya shiga soja tun bai zama ɗan ƙasa ba, kuma tun daga umarnin da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a watan Yulin 2002, ake gaggauta ba irin waɗannan sojoji takardar zama 'yan ƙasa. 'Ya'yan Afirka ta Yamma na cikinsu. Idan shekaru suka ja, gida kan kira mutum, a nan ne tunanin ajiye fasfon yake tasowa. Wani haraji ne ya ishe shi, domin Amurka na cikin ƙasashe ƙalilan, kamar Eritiriya, da ke bin ɗan ƙasarsu haraji ko ina yake zaune, ga kuma dokar FATCA ta 2010 da ta sa bankunan duniya kai rahoton asusun Amurkawa. Wani kuwa siyasa yake so. A Ghana tsarin mulki ya hana mai mubaya'a ga wata ƙasa zama ɗan majalisa, kuma a 2023 kotun ƙoli ta soke zaɓen James Gyakye Quayson kan batun zamansa ɗan Kanada, sai da ya sake tsayawa ya sake ci.

Ita yafewar a gaban jami'in jakadanci ake yin ta, a wajen Amurka, kuma da wuya a warware ta bayan an amince. A 2014 aka ɗaga kuɗinta zuwa dala 2,350. Wanda dukiyarsa ta kai dala miliyan 2 kuma, harajin fita na iya hawa kansa ƙarƙashin wata doka ta 2008.

To, me ke faruwa da haƙƙin soja? Ba daga baitulmali ɗaya kuɗin ke fita ba, kuma ba dalili ɗaya ya sa ake biyan su ba.

Mu fara da diyyar rauni ko ciwon da aka samu a bakin aiki, wadda Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wato VA, ke biya. Ana auna nakasar daga sifili zuwa kashi 100, a biya mutum gwargwadon haka, ba a cire haraji. Sharaɗinta shi ne mutum ya yi aikin soja, kuma ba a sallame shi sallamar wulaƙanci ba. Zama ɗan ƙasa ba ya cikin sharuɗɗan, shi ya sa wanda bai taɓa riƙe fasfon Amurka ba ma yake karɓa. Abubuwan da doka ta ce suna zubar da wannan haƙƙi su ne irin zamba, cin amanar ƙasa da yi wa gwamnati zagon ƙasa. Haka shirin VA na jinya a ƙasashen waje yana biyan kuɗin maganin ciwon da aikin soja ya jawo, a ƙasar da mutum yake. Sai dai a lura: asibitocin VA a Amurka suke, in ban da ƙaramin asibitinta na Manila a Filifin. Wanda ya yafe ƙasa, in fasfon Nijeriya ko na Nijar ne ya rage masa, sai ya nemi biza kafin ya isa ƙofar asibitin da yake da haƙƙi a cikinsa. Haƙƙin yana nan, hanyar zuwa ce ta ƙuntata.

Fanshon ritaya shi ne inda gizo ke saƙar, kuma a nan zan ɗan tsaya. Sojan da ya yi shekara 20 yana karɓar fansho daga Ma'aikatar Tsaro. Mu a nan mun ɗauki fansho a matsayin gumin da mutum ya riga ya zubar. Gwamnatin Amurka ba haka take kallon na soja ba. A wurinta sojan dindindin da ya yi ritaya bai fita daga soja ba: sunansa na cikin rajista, ana iya kiran sa ya koma bakin aiki, kuma dokar soja na iya hawa kansa. Saboda haka abin da ake ba shi albashi ne da aka rage, na aikin da aka rage. Kotun ƙolin Amurka ta kawo wannan fahimta a shari'ar McCarty ta 1981. A kan wannan tushe babban mai binciken kuɗin gwamnati ya sha yanke cewa wanda ya rasa zama ɗan ƙasa ya rasa matsayin da ke jawo fanshon, kuma kundin ƙa'idojin kuɗi na Ma'aikatar Tsaro ya ware babi guda a kan batun. Akwai keɓancewa ga wasu rukunoni, amma asalin ƙa'idar ke nan: an yafe ƙasa, fansho ya tsaya. Ko aiki mai fanshon zai karɓa a wata gwamnatin waje, sai ya nemi izinin sakataren rundunarsa da na sakataren harkokin waje.

A ganina wannan hujja tana da rauni. Ita kanta kotun ƙolin, a shari'ar Barker da jihar Kansas a 1992, ta ce in ana maganar harajin jiha, fanshon soja ladan aikin baya ne da aka jinkirta. Kuɗi ɗaya, ranar karɓar haraji a kira shi gumin jiya, ranar yafe ƙasa a kira shi albashin yau. Dattijo mai shekara saba'in ba wanda zai kira shi fagen daga. Amma raunin hujja ba ya dawo da fanshon da aka tsayar.

Saura fanshon tsufa na Social Security, wanda soja ma yake zuba wa kuɗi daga albashinsa. Ɗan Amurka yana karɓarsa kusan ko ina, ban da wurare irin Kuba da Koriya ta Arewa. Wanda ba ɗan Amurka ba kuwa, idan ya yi wata 6 a jere a wajen Amurka, ana dakatar da biyansa, sai in ya faɗa cikin waɗanda aka keɓe, abin da ya danganta da ƙasar da yake riƙe da fasfonta. Amurka na da yarjejeniyar fansho da ƙasashe kimanin 30, babu ko ɗaya a Afirka. In ma ana biyan, ana zare kashi 25.5 cikin 100 a matsayin haraji, sai dai in wata yarjejeniyar haraji ta sassauta.

Mutanen yankinmu sun san ɗacin wannan lamari tun kafin 'ya'yansu su san hanyar Amurka, sai dai su ba a tambaye su ba. Faransa ta yi doka ranar 26 ga Disamban 1959 wadda ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta raina da zarar sun sami 'yancin kai, har da na Nijar. Bafaranshe nasa na ƙaruwa duk shekara, wanda suka kwana rami ɗaya da shi nasa na tsaye. Sai ranar 30 ga Nuwamban 2001 kotun ƙolin harkokin mulki ta Faransa ta ce wannan wariya ce, a ƙarar Amadou Diop, tsohon sajan ɗan Senegal, wanda bai rayu ya ji hukuncin ba. Cikakkiyar daidaitawa ba ta fara aiki ba sai a 2011, lokacin da ƙasa ta riga ta rufe idon mafi yawansu.

Tsohon sojan Amurka na yau yana da abin da su Diop ba su samu ba, wato zaɓi. Tun hukuncin kotun ƙolin Amurka a shari'ar Afroyim ta 1967 da ta Terrazas ta 1980, riƙe fasfon wata ƙasa ba ya raba mutum da zama ɗan Amurka sai in shi ya yi niyyar rabuwa. Sashe na 28 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 kuma bai hana haifaffen ɗan ƙasa riƙe fasfo biyu ba. Ke nan mafi yawan masu son komawa gida ba su da buƙatar yafe komai.

Wanda larura ta tilasta masa, roƙona gare shi, da ku da za ku isar masa, shi ne kada ya nemi ranar ganin jami'in jakadanci sai ya rubuta wa wurare uku, VA da ofishin biyan fanshon soja da hukumar Social Security, ya karɓi amsar kowanne a rubuce. Mai shekara 20 a soja kuwa, ya fara lissafa fanshonsa na sauran rayuwa, da abin da zai taɓa iyalinsa, kafin ya ɗaga hannu.