Jawabi a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya: Maɓallin O/D, Yaushe A Bar Shi, Yaushe A Kashe Shi

 

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawan Tayuri, iyayenmu mata, 'yan uwana 'yan kasuwa da direbobi, da baƙinmu da suka taso daga Murzuƙ, Ubari da Gatrun, ina yi mana barka da ganin zagayowar wannan rana. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa ƙungiyar nan suka riga mu gidan gaskiya.

An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan mota. Na zaɓi abu ƙarami: ɗan maɓallin nan da ke jikin sandar giyar mota atomatik, wanda aka rubuta O/D a kansa. A da, motocin da muke ratsa Sahara da su kusan duk masu kuloci ne. Yanzu atomatik sun yawaita a hannunmu, Prado da Tundra da Hilux, da ƙananan Hyundai da Kia na cikin gari. Da yawa sun saya, amma ba a yi musu bayanin maɓallin ba.

O/D ita ce giya ta can sama. A mota mai giya huɗu, ita ce ta huɗu. A giya ta uku, juyi ɗaya na inji yana ba da juyi ɗaya a bakin giyabos. A ta huɗu kuwa, inji yana yin kusan kashi 70 cikin 100 na wannan juyin, gudun motar bai ragu ba. Idan allurar inji na kan 3,000 a giya ta uku, tana shiga O/D za ta sauko wajen 2,100. Ƙara ta ragu, shan mai ya ragu, inji ya huta. Sai dai abin da aka samu a sauƙin mai, an rage shi a ƙarfin ja. Wanda ya saba da mota mai kuloci ya ɗauke ta kamar lamba biyar. Akwai direban da zai shiga rairayi da lodi a lamba biyar? Babu. To haka nan.

Ga inda ake yawan ruɗewa. Idan fitilar O/D OFF ta kama a gaban direba, an kashe ta ke nan, motar ba za ta wuce giya ta uku ba. Idan babu fitila, tana aiki. Idan kuma fitilar tana ƙyaftawa da kanta, a motocin Toyota wannan alama ce cewa giyabos na da matsala, a nemi bakanike kafin a ɗauki hanya. Yawancin sababbin motoci masu giya biyar ko shida ba su da maɓallin. A nan sai a ja sanda zuwa S ko M a rage lamba, a Tundra kuma akwai maɓallin TOW/HAUL domin lodi.

Yaushe za a bar ta a kunne? A kan kwalta miƙaƙƙiya, kaya ba nauyi, gudu daidai daga kilomita 70 zuwa sama. Daga Sabha zuwa Ubari, wajen kilomita 200, ko doguwar hanyar Tarabulus ta Birak da Shuwairif, nan ne gidanta. Wanda ya kashe ta a irin wannan hanya, mai kawai yake ƙonawa.

Wurare huɗu kuma a kashe ta.

Na farko, in an yi lodi mai nauyi ko ana jan wata mota. Za ku ji motar tana kai-kawo, ta shiga ta huɗu, ta dawo ta uku, ta sake komawa. Kowane sauyi yana cin faifan kulocin da ke cikin giyabos, yana ƙara zafi. Da kun ji haka, ku danna maɓallin ta zauna wuri ɗaya.

Na biyu, rairayi. Daga Madama zuwa Dirku har Agadas babu kwalta, taya kullum tana nutsewa, inji kullum yana ja. Giyabos atomatik da mai yake miƙa ƙarfin inji zuwa taya, kuma in nauyi ya yi masa yawa a babbar giya, man nan ne ke ɗaukar wahalar. Lafiyarsa tana wajen digiri 80 zuwa 95. Ya haura 120, ya fara lalacewa da sauri. Ku haɗa wannan da zafin watan Yuni da Yuli, lokacin da iskar Fezzan kanta take wuce digiri 40. A rairayi a kashe O/D, a sa mota a taya huɗu, a rage iskar taya, in ya yi laushi sosai a sauko lamba biyu.

Na uku, hawan tudu, ko wuce babbar mota a hanya mai hannu biyu, inda ake son ƙarfi nan take.

Na huɗu, gangara, kuma wannan ya shafi rai kai tsaye. Masu zuwa Tarabulus sun san saukar dutsen Garyan. Mota mai lodi a O/D sakin jiki take yi, direba ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, birki ya yi zafi, a tsakiyar kwana ya ƙi kamawa. A rage gudu tun kafin a fara sauka, a kashe O/D ko a ja zuwa 2, inji ya riƙe motar, birki ya zama mataimaki.

Na san abin da ke sa wasunmu barin ta a kunne ko'ina: mai. A takarda litar fetur a Libiya dirhami 150 ce, amma mu nan kudu mun san layin gidan mai da farashin bayan fage. Sai dai ku yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Nawa ne 'yan litocin da za a tsira da su, nawa ne giyabos? Kada garin neman ƙiba a samo rama. A cikin gari mota ta mutu, asarar kuɗi ce. A Tenere kuwa, mun ga abin da ya faru a 2017, lokacin da mota ta lalace tsakanin Agadas da Dirku, mutum 44 suka rasu da ƙishirwa, har da mata da yara. Ko mene ne ya tsayar da mota a wannan wuri, ƙarshensa ɗaya ne.

Kafin kowace tafiya a zaro sandar auna man giya a duba, in motar tana da ita. Mai lafiya ja ne. In ya koma baƙi yana warin ƙuna, a canza shi, kuma a zuba irin wanda littafin motar ya ce, kada a gauraya. In fitilar A/T OIL TEMP ta kama a hanya, a tsaya, a sa P, a bar inji yana aiki a hankali har ta mutu, kafin a ci gaba.

Roƙona ga masu motoci, Alhazai: ku zaunar da direbobinku da yaran mota ku nuna musu wannan. Roƙona ga shugabanni: a sa shi cikin abin da ake dubawa kafin ayari ya tashi, tare da ruwa da mai da tayar safaya.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya ba Libiya da Nijar da Najeriya zaman lafiya, Ya maimaita mana.