Asalin Allon "An Hana Tofa Yawu" A Tashar Jirgin Ƙasa



Mu a Zuru ba mu da reluwe. Wanda zai shiga jirgi sai ya gangara Zungeru ko Minna. Duk da haka zancen ya shafe mu, domin tarin fuka ne tushensa. Akan ɗauka cewa allunan hana tofa yawu, irin waɗanda aka kakkafa a tsofaffin tashoshin Ingila da Amurka da Indiya, koyar da ladabi ne kawai. Ba haka ba ne, tsoro ya haife su.

Ran 24 ga Maris, 1882, likitan nan Bajamushe, Robert Koch, ya bayyana a Balin cewa ya gano ƙwayar da ke kawo tarin fuka. A zamanin, cikin kowane mutum bakwai da suka mutu a Turai, ɗaya wannan ciwo ne ajalinsa, ga shi kuwa babu magani. Sai likitoci suka yi zaton idan kakin majinyaci ya bushe a ƙasa yakan zama ƙura, jama'a su shaƙa. Saboda haka a 1896 hukumar lafiya ta birnin New York ta haramta tofi a wuraren jama'a da cikin abubuwan hawa, birane da yawa suka bi sahu. Tashar jirgi kuwa, da cinkosonta da ƙurarta, tana cikin wuraren da ake jin tsoro.

To, amma ashe an bar jaki ana dukan taiki. Tun 1897 Carl Flügge ya nuna cewa feshin da ke fita idan an yi tari yana ɗauke da ƙwayar. A shekarun 1950 kuma, a Baltimore, Richard Riley da abokan aikinsa suka janyo iskar ɗakin majinyata zuwa inda aka ajiye ɓerayen Masar, dabbobin suka kamu ba tare da sun taɓa kakin kowa ba.

Ba na cewa tofi abin yabo ne. Mai cin goro ma ya san ƙazanta ce. Abin nufi, haɗarin ya fi yawa a tarago mai rufaffun tagogi, ko ɗakin kwanan ɗalibai da aka cushe, ko ofishin da iska ba ta ratsawa. Nijeriya tana cikin ƙasashen da ciwon ya fi addaba a duniya. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu ya je a gwada kakinsa. Maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, watanni shida ake sha.