Nauyin Da Ya Rage Bayan An Yanka Ragon Suna



Ya ku 'yan'uwa, maganarmu ta yau da matasanmu muke yin ta, waɗanda aka ɗaura wa aure bara ko bara waccan, ga shi yanzu Allah Ya azurta su da haihuwar fari. Iyayensu da surukansu su ma su kasa kunne, domin rabin gyaran a hannunsu yake.

Abin da muke gani shi ne, tun ciki yana wata bakwai hankalin maigida ya tattara a kan yini guda, wato ranar suna. Rago, goro, shinkafa, atamfa, rumfa da kujerun haya, wani har da cin bashi. Ranar ta zo ta wuce, baƙi su watse, a bar yarinya da jariri a hannu alhali ba ta taɓa raino ba, shi kuma maigida aljihunsa ya bushe. Abin da shari'a ta nema a wannan rana kuwa kaɗan ne. A mazhabar Imamu Malik dabba guda ce, rago ko akuya, ko namiji aka haifa ko mace, wasu malamai kuma suka ce biyu ga namiji. Sai aske gashin jariri, da sadaka da kwatankwacin nauyinsa na azurfa, da zaɓa masa kyakkyawan suna. Wannan ma ga mai iko ne. Malaman Malikiyya har sun karhanta a mayar da yankan walimar da ake gayyato jama'a, suka ce a ci a gida, a yi sadaka, a aika wa maƙwabta.

Wajibin yana cikin aya ta 233 ta Suratul Baƙara. A can aka ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, aka ɗora wa uba ci da tufafin mai shayarwa gwargwadon ikonsa, aka hana a cutar da uwa saboda ɗanta ko uba saboda ɗansa, aka kuma rataya yaye a kan yardar su biyun da shawararsu. Ashe nauyin na shekara biyu ne, kuma na mutum biyu ne. Wanda ya ƙarar da abin hannunsa wajen ciyar da baƙi yini guda, har mai jego ta rasa nama da ƙwai da kuɗin magani a mako na uku, ya gabatar da al'ada a kan wajibi.

To, mu zo ga dare, domin a nan ne sababbin iyaye suka fi jigata. Jariri sabon haihuwa yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, saboda cikinsa ƙarami ne. Barcinsa mai yawa ne, sai dai a gutsuttsure yake, awa biyu ko uku ya farka. Haka Allah Ya halicce shi, kuma yawan neman nonon nan ba ya nuna cewa nonon uwar bai isa ba. Sau da yawa ma nauyinsa yakan ɗan ragu a kwanakin farko, ya dawo kafin mako biyu. Amma uwar da ta yi kwana goma ba ta sami barcin kirki ba, dole ta yi saurin fushi, dole abinci ya makara. Ɗan'uwa, idan ka dawo daga kasuwa ka tarar ba a yi shara ba, ka tuna an tambayi Nana A'isha (R.A.) abin da Manzon Allah (S.A.W.) yake yi a gida, ta ba da labarin cewa yana cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi. Ka karɓi yaron bayan ya sha, ka ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ta runtsa ko da awa ɗaya ce. Ɗebo ruwa da kai niƙa ba su taɓa rage wa namiji daraja ba.

Mun san abin da zai hana, ita ce kunyar ɗan fari. An tashe mu a kan cewa uba ba ya ɗaukar ɗansa na fari a gaban mutane, uwa ba ta kiran sunansa, wata ma sai an matsa mata kafin ta ba shi nono idan akwai manya a ɗaki. Kunya alheri ce, amma wannan ba mu san mata asali a sunna ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro don tausayin uwarsa, kuma ya yi wa Aƙra'u ɗan Habis gargaɗi a lokacin da ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Duk kunyar da za ta sa jariri ya yi ta tsala kuka da yunwa, a ajiye ta.

Tafiya wanka gida al'ada ce mai kyau, domin yarinya tana samun hutu da koyon raino a wajen mahaifiyarta. Sai dai ciyarwa ba ta faɗi daga kan miji ba don matar tana gidansu. Kuma a nan muke roƙon iyayenmu mata, da ladabi, su dubi wankan jego. Tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kan yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a wannan yanki, suka danganta shi da kunun kanwa mai yawa, da wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafin kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Ruwa mai ɗumi ya wadatar. Idan mai jego ta fara haki, ƙafafunta suka kumbura, ko tari ya hana ta kwanciya, ko jini ya ɓalle, ko zazzaɓi ya rufe ta, asibiti za a nufa a ranar, kada a jira arba'in. Af, tun da mun ambaci arba'in: idan jinin biƙi ya ɗauke kafin nan, wanka za ta yi ta ci gaba da salla.

Shi ma jaririn yana da haƙƙinsa. Daƙashi, nonon farko mai kauri da wasu suke matsewa su zubar, shi ne mafi amfani gare shi wajen kare shi daga cuta, a ba shi tun cikin awar farko. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar nono zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo, domin mafi yawan nono ruwa ne, yana kashe ƙishi ko da a bazara. Cibiya a bar ta da tsabta, kada a sa mata toka ko man goge baki, sai maganin da ma'aikatan lafiya suka bayar. Cire beli da askar wanzami yana jawo zubar jini da shigar cuta. A kai shi rigakafin farko, na tarin fuka da shan inna da ciwon hanta. Wuƙar da ake ajiyewa a kansa da layar da ake ɗaura masa ba sa tsare komai, addu'ar neman tsari da Manzon Allah (S.A.W.) yake yi wa Hasan da Husaini ita ce abin koyi. Idan ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko idonsa ya yi rawaya, ko yana numfashi da sauri, ko ya yi jijjiga, ko tsakar dare ne a fita da shi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Mata da yawa sukan sami kansu cikin kuka da ƙunci ba dalili a kwanakin farko, kuma yakan wuce cikin mako biyu. Idan ya zarce haka, ta daina cin abinci, ta daina kula da yaron, ko ta fara maganar da ba kai, kada a ce rashin godiya ne, kada kuma a tsaya a kan cewa iska ce. A yi mata addu'a, a kai ta ga likita, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn har sai ta samu sauƙi.