Tabon Da Ya Canza Da Gyambon Da Ya Ƙi Warkewa: Jawabi A Kan Sankarar Fata

 Na san waɗansunku tun da asuba suka taso daga ƙauyuka masu nisa, don haka ba zan riƙe ku da yawa ba.

An ce in yi magana a kan sankarar fata, wato ciwon dajin da yake kama fatar jiki. Wani zai ce, ina ruwan fasto da wannan, ba aikin likita ba ne? To, idan kun koma gida ku karanta Littafin Firistoci sura 13. A can Ubangiji ya umarci Musa da Haruna cewa wanda kumburi ko tabo ya fito masa a fata a kai shi wurin firist. Firist ya duba. In abin bai bayyana sarai ba, a jira kwana bakwai a sake dubawa, a ga ko ya yaɗu. Har wurin da maruru ya warke da wurin da wuta ta ƙona an ambata. Ba sankara ake nufi a surar ba, maganar tsarki ce, kuma mu ba firistocin Haikali ba ne. Amma ku lura, shugaban jama'ar Allah bai kawar da kai daga fatar mutanensa ba.

Ni na taɓa kawar da kaina, shi ya sa na karɓi wannan magana. A wata ikkilisiya da na yi hidima akwai wani dattijo manomi, mutum mai aminci, wanda ba ya fashin sujada. Wani baƙin tabo ya fito masa a tafin ƙafa. Ya ɗauka ƙaya ce ta karye a ciki. Wanzami ya tsaga, bai sami kome ba. Wurin ya zama miki, aka riƙa sayo kafso a kemis ana zazzaga garin a kai, ana ɗaurewa da tsumma. Damina biyu ana haka. Na je gidansa ya fi sau goma, na yi masa addu'a, na ci tuwonsa, amma ko sau ɗaya ban ce, Baba, kwance in ga ƙafar nan ba. Sai da kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ta yi tauri kamar dutse, sa'an nan muka kai shi asibiti. Likita ya ce ciwon ya riga ya bazu a jiki. Kafin a yanke dawa muka binne shi.

Da yawa a cikinmu mun ɗauka wannan ciwon Turawa ne. Gaskiya ne ya fi kama masu farar fata, domin baƙin launin fatarmu yana tare mana zafin hasken rana. Amma bai bar mu ba, sai dai ya zo mana ta wata ƙofa. Mafi haɗari a cikin irin nasa, wanda likitoci ke kira melanoma, a jikin baƙar fata ya fi fitowa a tafin ƙafa, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce, wuraren da ba wanda yake dubawa. Tsarana sun san mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley. A 1977 aka gano masa wannan ciwo a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa, bayan an fara ɗaukarsa rauni ne na ƙwallo. Likitoci suka ba da shawarar a cire yatsan, bai yarda ba. Ya rasu a watan Mayu na 1981 yana da shekara 36.

Abin lura a tabo ko tawadar Allah shi ne canji. Wadda aka haife ka da ita, tana nan yadda take shekara da shekaru, yawanci ba abin damuwa ba ce. Amma idan tana girma, ko gefenta ya yi zigi-zigi, ko launinta ya gauraya, baƙi da ja da toka-toka, ko faɗinta ya wuce milimita 6, wato kamar gindin fensir, ko tana ƙaiƙayi tana jini, wannan ta asibiti ce. Haka kuma baƙin layi a farce wanda yake ƙara faɗi ba tare da an buge ba.

Ƙofa ta biyu ita ce tsohon gyambo da tabon ƙuna. Yaro ya faɗa wuta a lokacin sanyi, ya warke, bayan shekara ashirin ko talatin tabon ya fashe, bakinsa ya tashi ya yi tauri, yana wari, taɓawa kaɗan sai jini. Sau da yawa mukan ce sammu ne, ko ya taka wani abu a hanyar gona. Mikin da ya kai wata guda ana magani bai nuna alamar rufewa ba, a kai shi wurin likita. Masu ɗauke da cutar ƙanjamau kuma, idan suka ga tabo masu duhu suna fitowa a ƙafa ko a cikin baki, su nuna a inda suke karɓar magani, kada kunya ta hana.

Yanzu bari in zo kan 'yan'uwanmu zabiya, domin su ne wannan ciwo ya fi ɗauka, kuma tun suna da ƙuruciya. Fatarsu ba ta da wannan launi mai tare rana. Abin gado ne, kuma sai uba da uwa dukansu suna ɗauke da shi a jini yake fitowa, ko da su kansu baƙaƙe ne. In haka ne, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu. Saboda haka a daina ɗora wa uwa laifi, a daina cewa la'ana ce. A Yohanna sura 9 almajirai sun tambayi ko zunubin wa ya sa aka haifi mutum makaho, kun kuma san Ubangiji bai ɗora wa mutumin ko iyayensa ba.

Yaro zabiya bai kamata a tura shi kiwo ko noma ko korar tsuntsaye da tsakar rana ba. Daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma ya nemi inuwa. Ya sa malafa mai faɗi, da riga mai dogon hannu, da dogon wando. Akwai man shafawa na kare fata daga rana, a nemi mai lamba 30 ko sama da haka, a shafa a fuska da kunne da leɓe da wuya da bayan hannu, a sake bayan awa biyu in ana waje. Man kaɗanya da basilin ba su yin wannan aiki. Man yana da tsada, na sani, kuma a 2025 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya wajaba a samar wa jama'a. Tun 2014 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 13 ga Yuni don tunawa da zabiya. Mu dai namu ya fi wannan sauƙi: malaman Makarantar Lahadi su zaunar da yaron a inuwa, masu shirya taro su ba shi wuri a ƙarƙashin rumfa. In an ga wani wuri a fatarsa ya yi kaushi kamar yashi, yana ɓambarewa yana dawowa, wannan gargaɗi ne. A wannan mataki likita yana iya kashe wurin da wani ruwa mai tsananin sanyi cikin 'yan mintoci. A kai shi a duba fatarsa ko sau ɗaya a shekara, in da hali duk wata shida.

A asibiti za a yanki ɗan guntun nama a kai ɗakin gwaji, domin ido kaɗai ba ya tabbatarwa. A nan mutanenmu suke gudu, wai idan ƙarfe ya taɓa sankara sai ta haukace. Ba haka ba ne. Dalilin da ya sa ake ganin kamar haka shi ne, ba a kai mutum sai ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa. In yana ƙarami, sau da yawa allurar kashe zafi za a yi, a yanke shi tare da ɗan lafiyayyen nama kewaye, a ɗinke, mutum ya koma gida ranar. In ya yi nisa sai a kai ga cire yatsa ko ƙafa, ko gashi da na'ura, ko magunguna masu ƙarfi, a manyan asibitoci irin na koyarwa da ke Shika a Zariya ko Asibitin Ƙasa na Abuja, kuɗin kuwa ya ninka sau da yawa.

Kada kowa ya gaya muku zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. Sarki Hezekiya ya yi addu'a da kuka, Allah ya ji, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Ku duba 2 Sarakuna sura 20. Mu yi addu'a da azumi, amma wanda ya riƙe mai gyambo wata uku a gidan addu'a bai taimake shi ba.

Iyayena dattawa, ku gafarce ni in faɗi wannan. Kuɗin akwatin gawa da abincin makoki mukan tara su a yini ɗaya, amma kuɗin mota da na gwaji sai a ce a jira zaman kwamiti. Ina roƙo kowace ikkilisiya ta ware wani abu daga baikon godiya na kaka don wannan, a kuma zaɓi mutum ɗaya mai karatu da zai riƙa raka marar lafiya, domin da yawa tsoron layi da takardu ne yake mai da su gida. Iyayenmu mata, ku ne kuke ganin bayan yara da ƙafafun tsofaffi, abin da kuka gani ku faɗa. Fastoci kuma, idan mun je gaisuwa mun ga ƙafa a ɗaure, mu roƙa a kwance mana.

Bayan abinci 'yan'uwanmu ma'aikatan lafiya za su zauna a ɗakin da ke bayan majami'a, mata gefe ɗaya, maza gefe ɗaya. Mai tabo ko miki ya je ya nuna, ba a biyan kome.