Makiyayi Mai Ƙirga Tumakinsa: Jawabi ga Masu Kula da Masu Shaye-shaye



Titin da ya wuce Ƙofar Ɗan Agundi a Kano yana kaiwa tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, kuma ba nisa daga nan Dorayi take. A Dorayi ne BBC ta nuna wa duniya, a shekarar 2018, matasan da kodin ya lalata, waɗansu ɗaure da sarƙa. A watan Mayu na shekarar, gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi.

A farkon 2019 aka fitar da binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi. Sun gano mutum miliyan 14.3 sun sha ƙwaya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce.

Amma akwai abin da masu bincike ba za su gani daga ofis ba. Yaro ya dawo daga wurin jinya, mun yi godiya a majami'a. Bayan wata shida fa? Ya koma gona, ko ya koma wa tiramadol? Mu ne muke zaune da shi, mu muka sani.

Saboda haka muna roƙon kowace ikilisiya ta ajiye littafi. A rubuta irin taimakon da aka ba mutum, da halin da yake ciki bayan wata uku, wata shida da shekara guda. A nemi yardarsa tukuna. A sa lamba maimakon suna, domin rufin asiri. Wanda ya koma shaye-shaye ma a rubuta, kada kunya ta sa mu ɓoye, gama ta haka ne za a gane hanyar da ke aiki.

Masu bincike kuma su dawo su karanta mana sakamako da Hausa, mu tattauna tare.

Makiyayin da Yesu ya ba da misalinsa ya san tunkiya ɗaya ta ɓata domin yana ƙirgawa. Mu ma mu ƙirga, mu je nema. Ubangiji ya taimake mu. Amin.